Babbar Kalifar Birki a Motar Gudu: Larura Ce ko Kwalliya?

Tsakanin masu ƙananan motocin gudu, irin waɗanda ake kira sifot, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Shin mutum ya kwance kalifar birkin da kamfani ya ɗaura wa motarsa ya sa babba mai fistin huɗu ko shida, ko kuwa ya bar ta yadda ta fito daga masana'anta? Duk inda masu irin waɗannan motoci suka haɗu, ko a filin Nürburgring na Jamus, ko Silverstone a Ingila, ko Tsukuba a Japan, sai ka iske sun rabu gida biyu. Wasu na cewa motar da ke iya kilomita 200 a awa ba ta da abin da ya kai birki muhimmanci, don haka duk abin da aka kashe masa ba a yi asara ba. Wasu kuma na cewa mafi yawan masu sayen manyan kalifofi ba tsayawa suke saya ba, jan fenti suke saya wanda zai riƙa leƙowa ta cikin rim.

Maganar ba ta wasa ba ce. Dubban daloli ake zubawa, kuma abin da ake taɓawa shi ne kayan da ran direba da na wanda ke gabansa suka rataya a kai. Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki mota guda mu auna hujjojin a kanta: Toyota GT86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ, waɗanda kamfanonin biyu suka haɗa hannu suka ƙera, suka fito da su a 2012. Mota ce mara nauyi, kimanin kilo 1,250, injinta na da ƙarfin doki 200, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Ta zo da kalifa mai zamewa mai fistin biyu a gaba, a kan faifai mai faɗin milimita 294. A 2017 sai Subaru ta fito da wani zaɓi na musamman mai kalifar Brembo: fistin huɗu a gaba a kan faifai mai milimita 326, fistin biyu a baya. Ga mota ɗaya da birki iri biyu, duka daga hannun kamfani, shi ya sa kowane ɓangare ke kafa hujja da ita.

Yadda kalifa ke aiki

Idan direba ya taka feda, ƙafarsa na tura fistin da ke cikin masta, wato famfon man birki, masta ta tura man birki ta cikin bututu zuwa kowace taya. A can man zai tarar da kalifa, wato ƙarfen nan da ya rungumi bakin faifan birki. A cikinta akwai fistin. Man ya tura shi, shi kuma ya matse fad guda biyu a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Gugar fad da faifai ce ke rage juyawar. To a nan gizo ke saƙa, domin gudun da mota ta rasa ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa, kuma dole zafin ya sami wurin zuwa.

Kalifa iri biyu ce. Akwai mai zamewa, wadda fistin ɗinta yake gefe ɗaya kawai. Idan ya tura fad na ciki, sai gangar jikin kalifar ta zame a kan wasu sanduna biyu ta jawo fad na waje. Ita ce a mafi yawan motocin duniya saboda araha da sauƙin gyara, kuma galibi da ƙarfen zubi ake yin ta. Akwai kuma kafaffiya, wadda aka ɗaure tamau ba ta motsi, fistin na ciki da na waje suna fuskantar juna suna matse faifai ta gefe biyu. Galibi da alminiyam ake yin ta, kuma da ita kamfanoni irin su Brembo na Italiya, da AP Racing da Alcon na Ingila, da Wilwood na Amurka suka yi suna. Idan aka ce wane ya sa wa motarsa babban birki, yawanci ana nufin ya cire ta farko ya sa ta biyu, tare da faifai mafi faɗi da kauri.

Hujjar masu cewa a sauya

Babbar hujjarsu zafi ne, kuma lissafi na bayansu. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, aikin da ke gaban birki ninkawa yake yi sau huɗu. Mota mai nauyin GT86 da ta tsaya cak daga kilomita 100 a awa tana fitar da zafin da zai tafasa kimanin lita ɗaya da rabi ta ruwa. Daga kilomita 200 kuwa, zafin ya isa ya tafasa lita shida, kuma cikin daƙiƙa shida ko makamancin haka yake taruwa. Kaso mafi tsoka, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, a birkin gaba yake sauka, saboda da zarar an taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya. A kan titi mutum zai yi irin wannan tsayawa sau ɗaya, sannan ya ci gaba da tafiya birkin ya huce. A filin tsere kuwa, kafin faifai ya sha iska an iso wata kwanar, zafi na hawa kan zafi, zagaye bayan zagaye.

Suna kuma tuna mana cewa wannan matsalar ce ta ɗaukaka birkin faifai tun farko. A 1953 motar Jaguar C-Type, wadda Tony Rolt da Duncan Hamilton suka tuƙa, ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da birkin faifai na kamfanin Dunlop, a lokacin da abokan karawarta ke fama da tsohon birki mai dirom. Birkinta na jure zafi, don haka direbobinta na iya jinkirta taka feda a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne, dare da rana, yayin da birkin sauran ke gajiya. Abin da ya amfani Jaguar a wancan lokaci, in ji su, shi ne abin da babban faifai ke bayarwa yau. Faifai mai milimita 326 ya fi mai 294 yawan ƙarfe, saboda haka zafi iri ɗaya ba zai gasa shi kamar ƙaramin ba. Ya fi shi fili da hanyoyin iska na ciki, saboda haka ya fi saurin hucewa. Babbar kalifa ce ke ba da damar ɗaura shi, kuma ita ke ɗaukar fad mai faɗi da kauri, wanda ke raba zafi a wuri mai yawa, ya kuma tare shi kada ya yi saurin isa ga man birki.

Hujja ta biyu ita ce abin da ƙafar direba ke ji. Kalifa mai zamewa, idan aka matsa mata da ƙarfi, tana ɗan buɗe baki, sandunanta ma suna da ɗan wasa. Duk wannan ɗan motsin a feda yake bayyana, sai ta yi laushi, ta ƙara nisa. Direban da ke shiga kwana da gudu ba danna birki kawai yake yi ba. Yana dannawa da ƙarfi, sannan ya riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan yayin da yake karya sitiyari. Wannan aiki na bukatar fedar da ke amsawa iri ɗaya a kowane zagaye. Kafaffiyar kalifa, musamman wadda aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam guda, ba ta lanƙwasa sosai, kuma direban da ya amince da fedarsa ya fi wanda ke shakkarta natsuwa.

Hujja ta uku a hannu ake ganinta. Kwance birkin gaba na irin wannan mota bayan ta wuni tana zagaye a fili, ka zare fad ka ɗora a tafin hannu. Sau da yawa za ka ga gefe ɗaya da sauran nama, ɗaya gefen kuwa ya kusa kai wa ƙarfe. Fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli, bakinsa na marmashewa idan ka goga da yatsa. Robar da ke kare fistin daga ƙura ta ƙone ta tsattsage. Faifan ya yi shuɗi-shuɗi, ga ƙananan tsagogi sun bazu a fuskarsa. Masu ƙera kafaffiyar kalifa sun san wannan cin gefe ɗaya, shi ya sa sukan bambanta girman fistin: ƙarami a inda faifai ke shigowa, babba a inda yake fita, don fad ya ci daidai.

Sai hujjar mai mota ɗaya, wanda da ita yake zuwa aiki, da ita kuma yake zuwa fili a ƙarshen mako. Idan ya bar ƙaramin birki, dole ya sa fad na tsere mai jure zafi sosai, shi kuwa irin wannan fad yana ƙara kamar me a cikin gari, ba ya kamawa da kyau da sanyin safiya, yana cin faifai, yana baƙanta rim. Babban birki ba ya ɗaukar zafi haka, don haka fad matsakaici zai yi masa aikin gida da na fili. Ga wanda ke yawan zuwa fili kuma, fad da faifai sun fi daɗewa, kuma a yawancin kafaffun kalifofi ta sama ake zare fad ba sai an kwance kalifar ba.

Daga ƙarshe sukan nuna kamfanonin kansu. In da birkin asali ya wadatar a kowane hali, me zai sa Subaru ta kawo Brembo a 2017? Me zai sa Nissan ta sa shi a wani samfurin 350Z, Mazda kuma ta ba da zaɓinsa a MX-5? Me zai sa Porsche ta ɗaura kafaffiyar kalifa mai fistin huɗu hatta a Boxster, ƙaramar motarta da ta fito a 1996?

Hujjar masu cewa a bari

Su kuma waɗannan da magana ɗaya suke farawa: birki juyawar taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. Duk motar zamani mai lafiyayyen birki tana iya kulle tayoyinta a busasshiyar kwalta, ko ta tayar da na'urar ABS da ke hana su kullewa. Da zarar an kai nan, ƙarin matsi a faifai ba ya ƙara komai, domin taya ta ba da iyakar riƙon da take da shi. A lissafi, tayar da ke riƙe kwalta da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin motar za ta tsayar da ita daga kilomita 100 cikin kimanin mita 39. Taya mai danƙo ta fi haka, suɗaɗɗiya ko wadda ke kan jiƙaƙƙen titi ba ta kai haka ba, kuma kalifa ba ta da ta cewa a ciki. GT86 ta farko da tayar Michelin Primacy HP mai faɗin milimita 215 ta fito, irin wadda ake sa wa wasu samfuran Toyota Prius. Babban injiniyan motar, Tetsuya Tada, da mutanensa da gangan suka zaɓe ta, don motar ta yi daɗin sarrafawa ba sai an yi mugun gudu ba. Sa wa wannan tayar kalifa mai fistin shida, inda motar ta saba tsayawa nan za ta tsaya. Sauya tayar kaɗai ka bar birkin, sai ka ga tazarar ta ragu da mitoci.

Na biyu, suna cewa yawan fistin ba shi ne ƙarfi ba. Ƙarfin matsi ya dogara ne da faɗin fuskar fistin na gefe ɗaya. Ɗauki kalifa mai zamewa mai fistin guda ɗaya na milimita 54: faɗin fuskarsa ya kusa murabba'in santimita 23. Ɗauki kafaffiya mai fistin huɗu, a kowane gefe akwai mai milimita 40 da mai 36: in ka haɗa faɗinsu, shi ma ya kusa 23. Matsinsu ɗaya ne. Kuma haka ya kamata ya zama, domin kamfanin da ya san aikinsa da gangan yake ƙera sabuwar kalifa ta yi kusa da ta asali a wannan ma'auni. Wanda ya saya da zaton ya ninka ƙarfin birkinsa sau huɗu bai fahimci abin da ya saya ba.

Na uku, kuma a ganina ita ce hujjarsu mafi nauyi: kafin a ba da magani a san cutar. Gajiyar birki iri biyu ce. Akwai wadda feda za ta yi tauri yadda ta saba, amma mota ta ƙi rage gudu. Wannan fad ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka. Akwai wadda feda za ta yi laushi ta nutse har ƙasa. Wannan man birki ne ya tafasa, tururi ya shiga bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi ba ya tura fistin. Ƙa'idar man DOT 3 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas yana sabo, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Amma waɗannan mayuka suna zuƙar ruwa daga iska. Idan ruwan ciki ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar DOT 4 saukowa take zuwa 155, ta DOT 3 zuwa 140. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya man duk shekara biyu. Mutum ya shiga fili da man da ya shekara huɗu a mota, fedarsa ta nutse a zagaye na uku, ya fito yana cewa kalifa ce ta yi ƙanƙanta, alhali gwangwanin mai irin na tsere, wanda ke haura digiri 300 kafin ya tafasa, da ya raba shi da matsalar. Ƙara masa fad mai jure zafi, da bututun da ke kawo iska daga gaban mota zuwa tsakiyar faifai, duka kuɗinsu ɗan kaɗan ne daga kuɗin babbar kalifa. Suna kafa hujja da gasar Spec Miata ta Amurka, inda motocin Mazda MX-5 ke tsere kafaɗa da kafaɗa, doka kuma ta tilasta musu barin kalifar asali. Fad da mai suke sauyawa, kuma birkin na kai su ƙarshen tsere.

Na huɗu, birki ba kalifa ba ce kaɗai, tsari ne da injiniyoyi suka daidaita gabansa da bayansa. Haɗarin ya fi yawa ga masu ciro kalifar babbar mota su haɗa ta da ƙarfen da aka yanka a gareji. A ce sabuwar na da fistin biyu masu milimita 44 a kowane gefe: faɗinsu ya haura murabba'in santimita 30, wato ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku a kan 23 ɗin da muka ambata. Masta ba ta sauya ba, saboda haka sai ta tura mai da yawa kafin fad ya kama, feda ta ƙara nisa. Mafi muni, tayoyin gaba za su kai iyakar riƙonsu tun na baya ba su gama nasu aikin ba. Motar da aka kashe wa kuɗi don ta tsaya da wuri sai ta koma tana wuce inda take tsayawa a da. Kwamfutar ABS da ta daidaita mota a kwana ma an saita su ne bisa birkin asali, ba su san an sauya musu kayan aiki ba.

Na biyar, kashe kuɗin ba ya tsayawa a kalifa. Sau da yawa rim na asali ba ya rufe ta. Subaru da kanta sai da ta sauya rim daga faɗin inci 7 zuwa 7.5 a motocin da ta sa wa Brembo. Safayar taya ma ba lallai ta shiga gaba ba. Babban faifai na ƙarfe ya fi nauyi, kuma nauyi ne da ke juyawa yana hawa da sauka tare da taya, ko da yake sauƙin alminiyam na kalifar na rage wani abu. Kafaffiyar kalifa ba ta yafe wasan boris: idan faifai ya ɗan karkata a kwana mai tsanani yakan tura fistin baya, sai direba ya taka feda a kwana ta gaba ya ji ta yi nisa. Wasu kalifofin tsere kuma ba su da robar kare ƙura sam, domin an yi su ne don motar da ake kwancewa a wanke a kai a kai. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai da hunturu yana cin su, haka ƙurar hunturu irin tamu za ta yi musu, kuma ranar da zoben roba ya fara yoyo ba kowane shago ke da irinsa ba.

Ga doka kuma. A Jamus, sauya birki ba tare da takardar amincewa da binciken hukumomi irin su TÜV ko DEKRA ba na iya soke izinin hawa titi na motar. A Ingila dole mai mota ya sanar da kamfanin inshorarsa, in ba haka ba ranar hatsari ana iya ƙin biyansa. Sannan ga jabu. Kasuwa cike take da kalifofi masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni waɗanda ba su suka ƙera su ba, har da murafun roba masu launi da ake mannawa a kan kalifar asali don ta yi kama da babba, waɗanda ba abin da suke yi sai tare iska. Araha ba ta ado, balle a wurin da tsagewar ƙarfe ɗaya ke nufin feda ta tafi ƙasa babu birki.

A sa su a sikeli

Idan aka saurari ɓangarorin biyu da kyau, sai a ga ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Masu cewa a bari suna magana ne a kan tsayawa ta farko, masu cewa a sauya kuma a kan ta goma da ta ashirin. Mujallar motoci ta Jamus, auto motor und sport, ta daɗe da gane bambancin, shi ya sa take gwada birki da tsayawa goma a jere daga kilomita 100, ta kwatanta tazarar birki mai sanyi da ta mai zafi. Ta farko taya take aunawa, ta ƙarshe kuwa juriyar birki.

Kowane ɓangare kuma na da inda yake wuce gona da iri. Masu sauyawa na kuskure idan suka ce babbar kalifa ta fi tsaro a kan titi. Ranar da yaro ya faɗo hanya a guje, taka birki ɗaya ne da faifai mai sanyi, kuma abin da zai raba shi ne taya, da gudun da ake yi, da saurin ƙafar direba. Hujjar kamfanoni ma ba ta cika ba, domin kamfani na sayar da abin da ido ke so kamar yadda yake sayar da abin da fili ke bukata. Kuma mafi yawan amfanin da suke yabawa na faifai ne. Wanda ya sa sabuwar kalifa a kan faifai mai girman na da zai ji daɗin feda, amma zafinsa na nan kusan yadda yake.

Masu cewa a bari su ma suna kuskure idan suka mai da Spec Miata ma'aunin kowace mota. MX-5 mota ce da ba ta wuce tan ɗaya da ɗoriya ba, injinta kuma ƙarami ne. Abin da ya ishe ta ba zai ishi Ford Mustang mai kilo 1,700 ba, ko GT86 da aka ƙara wa injinta ƙarfi. Akwai kuma wani abu da ba su cika faɗa ba: shawararsu ta a fara da taya ita ce ke kai mutum ga bukatar babban birki. Taya mai danƙo na sa mota ta fito daga kwana da ƙarin gudu, ta iso kwana ta gaba da ƙarin gudu, ta kuma zubar da shi cikin ɗan gajeren lokaci. Duk wannan ƙarin zafi ne a kan faifai ɗaya. Direba na ƙwarewa, tayarsa na inganta, wata rana ƙaramin birkin zai kai iyakarsa da gaske, ba don tsohon mai ba.

Matsayata

Ga motar da ba ta barin titi, ban ga hujjar da ta isa a kwance kalifar da kamfani ya sa ba. Kuɗin ya fi amfani a taya mai kyau, da sabon man birki a kan lokaci, da fad na ƙwarai, da shafa wa sandunan kalifa giris don kada su maƙale. Wanda ke so don kyau yana da 'yancinsa, amma ya san cewa kyau ya saya, kada ya ƙara gudu a cikin jama'a da zaton ya sayi tazara. Wannan zaton shi ne abin da na fi tsoro a duk lamarin, domin wanda zai biya farashinsa sau da yawa ba ya cikin motar.

Ga motar da ke zuwa fili, a bi abin daki-daki: mai, fad, iska, sannan a koyi taka birki da ƙarfi cikin ɗan lokaci maimakon jan sa tun daga nesa, domin ja na dafa birki. Bayan haka a bar motar ta ba da shaida. Akwai fenti da 'yan takardun mannawa masu sauya launi da zafi. A sa a bakin faifai da jikin kalifa a ga inda zafin ke kaiwa. A auna fad bayan kowace fita. Idan duk da sabon mai da fad na tsere feda na nutsewa, roba na ƙonewa, faifai na tsagewa da wuri, to lokaci ya yi, kuma a nan masu cewa a sauya ne ke da gaskiya ba tare da wani kwana-kwana ba.

In za a saya, a sayi cikakken saiti da aka ƙera wa wannan motar takamaimai, daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, mai faɗin fistin kusa da na asali. A gwada rim da ma'aunin takarda da kamfanonin ke bayarwa kafin a biya. Bakaniken da ya san aikin ya ɗaura, ya ɗaure kowane noti da sifana mai awo, ya fitar da iska sarai, sannan a zaunar da sabon fad da 'yan tsayawa a jere a wurin da babu mutane. A sanar da inshora, a cika sharuɗɗan dokar ƙasar da ake ciki. Wanda ba zai iya cika waɗannan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi: ya bar birkinsa na asali, ya kula da shi yadda ya kamata, zai fi masa aminci a kan babban da aka ɗaura a karkace.